'Yan Ga-Ruwan da Suka Gina Kafen Birnin Faris

Kafin ƙarfe bakwai na safe, sanyi na ratsa ƙashi, an riga an ɗaga ƙyauren kafen da ke kan kwanar unguwa a birnin Faris. Masu sharar titi cikin korayen kayansu da leburorin gini su ne 'yan sahun farko, kuma ba sa zama. Mutum zai dafa kanta da gwiwar hannu, ya ce a ba shi "ɗan baƙi", wato gahawa mai kauri a ɗan mitsitsin kofi, ya yi mata kurɓi biyu, ya ajiye tsaba ya kama gabansa. Tsayuwar da dalilinta: a yawancin wurare kofin da aka sha a bakin kanta ya fi araha kan wanda aka kai wa mutum tebur. Da hantsi tsofaffin unguwa kan zo da jaridunsu. Rana na yin tsaka sai a rubuta abincin ranar da alli a jikin allo, a jingine a ƙofa, ma'aikatan ofis su cika kujeru. Da la'asar ɗalibai ne da littattafai, da almuru kuma masu tashi daga aiki su tsaya shan giyar inabi, kafin a sake shimfiɗa tebura domin abincin dare. Ɗaki guda ne, amma kafin a rufe ƙofa ya sauya kama sau biyar ko shida.

Faransawa na kiran irin wannan wuri kafe ko bistiro, kuma suna ji da shi kamar yadda suke ji da harshensu. Amma wanda ya bi diddigin tarihinsa zai ga abu guda na ta dawowa tsawon shekara 350: a kusan kowane zamani, wanda ke tsaye a bayan kantar baƙo ne, ɗan ci-rani da ya shigo birni ba shi da jarin da ya wuce ƙarfinsa da haƙurinsa.

Ita kanta gahawar baƙuwa ce. Sufayen Yaman ne suka riƙe ta a ƙarni na 15 domin ta hana su gyangyaɗi wajen zikirin dare. Daga can ta bi ayari zuwa Makka da Alƙahira, ta isa Istanbul, inda aka buɗe gidajen shanta a tsakiyar ƙarni na 16. Kalmar Larabci ƙahwa ce ta zama gahawa a bakin Bahaushe, ita ce kuma ta ratsa ta bakin Turkawa ta zama kafe a bakin Bafaranshe. A 1669 Sarkin Daular Usmaniyya, Muhammadu na 4, ya aika da manzonsa Sulaiman Aga wurin Sarkin Faransa Luwi na 14. Aiken bai haifar da ɗa mai ido ba a fagen siyasa, sai dai manzon ya yi watanni a Faris yana karɓar manyan gari a masaukinsa, yana ba su gahawa a ƙananan kofuna. Kafin ya koma gida, shan ta ya zama abin yayi a gidajen masu hannu da shuni.

Wanda ya fito da ita kasuwa wani Ba'armeniye ne mai suna Pascal, da ya kafa rumfa a kasuwar baje-kolin Saint-Germain a 1672. Bayansa aka samu masu talla, cikinsu har da wani mutumin tsibirin Kirit da ke yawo lungu-lungu da buta da kaskon garwashi da kofuna, yana zuba wa mutane a ƙofar gidajensu. Waɗannan wurare na farko ƙanana ne, duhu da hayaƙin taba sun cika su, mai jin kansa ba ya shiga.

Mutumin Sisili ne ya sauya lissafin. A 1686 Francesco Procopio ya buɗe kafen da har gobe ake kira Procope, ya liƙa madubai a bango, ya rataya fitilun ƙarau, ya jera teburan dutse masu sheƙi, ya haɗa sayar da gahawa da kayan sanyi. Sa'a ta zo masa har gida: a 1689 gidan wasan kwaikwayo na Comédie-Française ya tare daidai tsallaken titinsa. 'Yan wasa da marubuta da masu kallo suka mayar da wurin majalisarsu. A ƙarnin da ya biyo baya Voltaire da Diderot da d'Alembert duk sun zauna a teburansa, haka Benjamin Franklin lokacin da yake wakiltar Amurka a Faransa.

Akwai ɓangaren labarin da madubin Procope ba ya nunawa. Gahawar Yaman tsada gare ta, don haka Faransawa suka kai irinta tsibiran Karibiyan a shekarun 1720. Kafin 1789, yankin Saint-Domingue, Haiti ta yau, shi ke noma kusan rabin gahawar duniya, kuma da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka ake noma ta. Wannan azaba ce ta karya farashin kofi a Faris har talaka ya iya saye. Marubuci Louis-Sébastien Mercier, wanda ya bayyana rayuwar birnin a shekarun 1780, ya ba da labarin mata masu tsayawa a kwanar tituna tun da asuba suna sayar wa leburori gahawa da madara. Karin kumallon ma'aikacin Faris ya samo asali ne daga gonakin da ake bulale 'yan Afirka.

Inda mutane ke taruwa suna karanta jarida, magana ba ta ƙarewa, hukuma kuma ba ta runtsawa. 'Yan sandan sarki sun riƙa baza 'yan leƙen asiri a kafe-kafe, kuma tsoron nasu ya tabbata. Ranar 12 ga Yuli 1789 wani matashin lauya, Camille Desmoulins, ya haye tebur a gaban Kafen Foy da ke Palais-Royal, ya kira jama'a su ɗauki makami. Bayan kwana biyu kurkukun Bastille ya faɗi. A watan Agusta 1844, a Kafen Régence da ya yi suna wajen 'yan wasan dara irin ta Turawa, Karl Marx da Friedrich Engels suka yi zaman da ya ƙulla abotarsu. Saboda irin wannan, da Louis-Napoléon ya ƙwace mulki a Disamban 1851, cikin watan ya kafa dokar da ta ce ba mai buɗe wurin sha sai da iznin gwamnan lardi, wanda kuma ke da ikon rufe duk wanda ya ga dama.

Duk waɗannan manyan kafe ne na tsakiyar birni. Kafen unguwa, mai abinci da abin sha tun safe har dare, ya fito ne daga wata hanya dabam, kuma mafarinsa bokitin ruwa.

A tsakiyar Faransa akwai ƙasar tsaunuka, yankin Auvergne da maƙwabtansa irin su Aveyron. Ƙasa ce mai duwatsu, hunturunta dogo, ƙanƙara kan rufe gonaki wata da watanni. Bisa al'ada ɗa guda ke gadon gona don kada ta tsattsage, sauran kuwa kowa tasa ta fishshe shi. Sai samari suka riƙa yin ci-rani, sai dai nasu na hunturu ne: da an gama girbi su kama hanyar Faris a ƙasa, idan ƙanƙara ta narke su dawo noma. Harshensu ba Faransancin birni ba ne, mutanen Faris na kwaikwayon maganarsu suna dariya. Aikin da 'yan birni suka raina shi suka runguma. Gidajen Faris ba famfo, saboda haka suka zama 'yan ga-ruwa, suna ɗibar ruwa daga kogin Seine da famfunan kan titi, bokiti biyu a rataye a kafaɗa, suna hawa bene har hawa na shida da na bakwai. Mercier ya ƙiyasta yawan 'yan ga-ruwan birnin da mutum 20,000. Wasunsu har wanka suke kai wa mutane gida: su turo bahon ƙarfe da ruwan zafi a amalanke, su hau da su sama, su jira a ƙofa a gama, su sauko da kayansu.

Sai famfo ya zo. A zamanin Haussmann, wanda ya rushe tsohon Faris ya sake gina shi daga 1853, injiniya Eugène Belgrand ya jawo ruwan maɓuɓɓuga daga nesa, aka shimfiɗa bututu a ƙarƙashin tituna. Sannu a hankali ruwa ya hau bene da kansa, sana'ar ga-ruwa ta mutu. Mutanen tsaunin ba su tattara sun koma gida ba. Sun san kowace matakala a unguwa, sun san matar gidan da ke biya da wadda ke cin bashi, bayansu kuma ya saba da kaya. Abin da kowane ɗaki ke bukata bayan ruwa shi ne wuta, sai suka koma sayar da gawayi da kwal da itace. 'Yan birni suka laƙaba musu suna buña, wanda ake rubutawa bougnat, daga yadda suke lanƙwasa kalmar Faransanci ta mai gawayi.

Shagon mai gawayi ɗan ƙarami ne, a saman ƙofarsa an rubuta kalmomi uku: giya, itace, gawayi. A ciki, buhunan kwal na jibge a gefe guda tare da sikeli da ƙullin ƙiraren hura wuta, a ɗaya gefen kuma kanta da 'yan tebura biyu ko uku. Maigida kan fita tun duku-duku, fuskarsa baƙi ƙirin da ƙurar kwal, ya aza buhu mai kilo 50 a kafaɗa ya hau bene. Uwargida ce ke riƙe da shago. Ita ke dafa gahawa, ita ke zuba giya, ita ke riƙe da allon bashi, inda ake rubuta abin da kowa ya ci har ranar biyan albashi. Tukunyar da ta ɗora wa iyalinta ita ce mafarin abin da yau ake kira abincin ranar: miyar kabeji da dankalin Turawa, ko naman da ya daɗe kan wuta, a zuba wa leburan da ba shi da murhu a ɗakinsa. Ana buɗewa kafin alfijir, ba a rufewa sai dare ya raba, kusan kwana bakwai a mako. Saman kantar ƙarfe ne mai sheƙi, wanda 'yan Faris ke kira tutiya ko da yawancinsa kuza ce, har kalmar ta zama wani sunan kafen kansa.

Abin da ya ɗaga su shi ne riƙon juna. Yaro zai zo daga ƙauye wurin kawunsa, ya fara da wanke kofuna da sauko da ganguna rumbun ƙasa, ya zama mai kai wa baƙi abinci, ya tara 'yan kuɗi, a ba shi riƙon shagon wani, daga bisani ya sayi nasa. Dillalan giya da na gahawa 'yan garinsu ne, su ke ba da rance, sau da yawa bisa amana da sanin asalin mutum. A 1882 Louis Bonnet ya kafa musu jarida, L'Auvergnat de Paris, mai kawo labarin haihuwa da aure da rasuwa daga ƙauyuka, da sanarwar neman ma'aikaci da shagon sayarwa. Daga baya har jiragen ƙasa na musamman ya riƙa shirya musu a farashi mai rahusa don zuwa ganin gida. Ranar hutu kuma su taru a titin Lappe kusa da Bastille, a busa musu algaitarsu mai jakar fata. Da Italiyawa 'yan ci-rani suka shigo da akodiyan, kiɗan biyu suka haɗu suka haifi salon musette, wanda duniya ke ji a yau ta tuna da Faris.

Me ya sa talakan birni ya manne wa waɗannan shaguna? Ɗakin ma'aikaci a ƙarni na 19 ƙuntatacce ne, babu ɗumi, babu hasken kirki, wani lokaci mutum biyar ko shida ke kwana ciki. Kafe ne ya zame masa zaure. A nan ake ajiye masa wasiƙa, a nan yake jin inda ake ɗaukar aiki, a nan 'yan ƙungiyar ƙwadago ke shirya yajin aiki a ɗakin baya. Masanin tarihi W. Scott Haine, da ya binciki takardun auren birnin, ya tarar masu kafe na yawan fitowa cikin shaidun auren ma'aikata, alamar cewa baƙon da ba shi da dangi a gari ya ɗauki mai shagon tamkar waliyyinsa. Ko manyan 'yan siyasa a nan ake samunsu: a Kafen Croissant aka harbe jagoran 'yan gurguzu Jean Jaurès ranar 31 ga Yuli 1914, yana cin abincin dare da abokan aikin jaridarsa.

Zauren yana da nasa ciwon. A 1880 aka soke dokar neman izni, ya zama sanar da hukuma kawai ya isa. Wuraren sha suka yi ta tsiro kamar ciyawar damina, har suka kusa rabin miliyan a faɗin Faransa kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato kusan ɗaya ga kowane mutum 80. Albashin magidanta da yawa ya ƙare a bakin kanta, mata da yara suka kwana da yunwa. Littafin Émile Zola na 1877, L'Assommoir, labarin iyalin da barasa ta ɗaiɗaita ne a wata unguwar talakawa. Koriyar barasar nan mai suna absinthe ta yi ɓarnar da sai da gwamnati ta haramta ta a 1915. A cikin waɗannan shekaru ne kalmar bistiro ta bayyana a rubuce, a 1884. Akwai allo a wani gidan abinci a Montmartre da ke cewa sojojin Rasha ne suka kawo ta a 1814, suna ɗaga murya a yi sauri da harshensu, amma masana harshe ba su karɓa ba, saboda shekara 70 ke tsakanin zuwan sojojin da fitowar kalmar.

Wasu baƙin kuma sun zo da nasu salon. Mutanen Alsace, musamman bayan Jamus ta ƙwace yankinsu a 1871, sun buɗe manyan gidajen giya da abinci masu aiki ba tsayawa. Léonard Lipp ya kafa nasa a 1880 a titin Saint-Germain. A 1920 Marcellin Cazes, ɗan ƙauyen Laguiole a Aveyron wanda ya fara da aikin yaron shago, ya karɓi gidan ya mayar da shi matattarar ministoci da marubuta. A tsallaken titi, wani ɗan yankin nasu, Paul Boubal, ya sayi Kafen Flore a 1939. Da Jamus ta mamaye Faris kwal ya yi wuya, ɗakuna suka zama kamar randa, amma Boubal na da babban murhu a tsakiyar shagonsa. Simone de Beauvoir kan yi sammako don ta samu kujerar kusa da wuta, ita da Jean-Paul Sartre su wuni suna rubutu. Zuriyar masu gawayi ce ta ɗumama hannun da ya rubuta falsafar zamanin. A shekarun mamayar ne kuma aka ɓamɓare kantoci da yawa aka narkar da ƙarfensu domin yaƙi.

Bayan yaƙi gas da lantarki suka kashe cinikin gawayi, 'ya'yan masu shago suka yi boko suka zama likitoci da lauyoyi, ba mai son tsayuwar awa 15. Waɗanda suka saye shagunan su ma 'yan tsauni ne, Kabilawan Aljeriya, da suka zo aikin masana'anta suka fara da ƙananan kafe masu ɗakunan haya a sama, inda ɗan garinsu ke samun gado da kuskus da labarin gida. Daga shekarun 2000 kuma 'yan Sin, yawancinsu masu asali daga Wenzhou, suka riƙa sayen kafen da ke haɗe da shagon taba da caca. Dabarar ba ta sauya ba: mata da miji a bayan kanta, rance daga dangi, dogon wuni.

Sai dai yawan shagunan na ta raguwa. A 1960 Faransa na da kimanin 200,000, yau ba su kai 40,000 ba. Gidaje sun samu ɗumi da talabijin da firji, ƙauyuka sun zama kufai, dokar tuƙi cikin maye ta tsananta, giyar inabin da Bafaranshe ke sha a shekara ta sauko daga sama da lita 100 zuwa wajen 40. A 1969 aka tashi babbar kasuwar Les Halles zuwa Rungis da ke wajen birnin, 'yan dako da mahautan da ke cika kafen dare suka bi ta. A 2008 aka hana shan taba a cikin kafe. Ƙauyuka da dama sun wayi gari ba su da inda mutum biyu za su zauna su gaisa, abin da ya sa a 2019 aka ƙaddamar da shirin buɗe kafe 1,000 a ƙananan garuruwa.

Manyan jarrabawa biyu sun nuna wa 'yan Faris matsayin wurin a zuciyarsu. Daren 13 ga Nuwamba 2015 'yan bindiga suka buɗe wuta kan mutanen da ke zaune a gaban Le Carillon da La Bonne Bière da La Belle Équipe, cikin hare-haren da suka ci rai 130. Ba a yi mako ba mutane suka riƙa kiran juna a fito a zauna a kujerun bakin titi, don nuna tsoro bai kore su ba. Sai annobar korona ta rufe kowane kafe daga tsakar daren 14 ga Maris 2020, ta sake rufe su daga ƙarshen Oktoba har 19 ga Mayu 2021. A 2024 gwamnati ta shigar da al'adar zaman kafe da bistiro cikin kundin kayan gadon ƙasa, bayan shekaru na fafutukar masu sana'ar, waɗanda daga nan suka sa ido kan samun amincewar hukumar UNESCO.

A 2024 ɗin kuma, ranar 24 ga Maris, aka farfaɗo da tseren masu hidimar kafe bayan ya yi shekara 13 a kwance. Kimanin mutum 200, maza da mata, cikin fararen riguna da baƙaƙen wanduna da ƙyallen aiki ɗaure a ƙugu, suka tashi daga gaban fadar magajin gari suka ratsa lungunan unguwar Marais, tafiyar kilomita 2. Gudu haramun ne, sai dai sauri, kuma hannu ɗaya kawai aka yarda ya riƙe tire. Hukumar ruwan famfon birnin, Eau de Paris, ita ta ɗauki nauyin taron. A kan kowane tire akwai burodin kurwasan guda, da kofin gahawa, da tambulan cike da ruwa, kuma a bakin layin ƙarshe alƙalai na tsaye suna duba ko mutum ya zubar da ruwan a hanya.